BAƘUWAR KAZA: KADA A KWANCE TA TSAKAR GIDA RANAR DA TA ZO



Ga wani abu da kusan kowa ya taɓa gani a garinsu. Ranar kasuwa ce, cikin dari. Wata mata ta kai ƴar gyaɗarta ta saida. Za ta koma gida sai ta ga wani riƙe da sagara biyu, jajaye, masu kyan gani. Ta taya. Kazar da ta san ba a bari ƙasa da jika uku, sai ga shi an sallama mata jika biyu, ba ja-in-ja. Ta yi murna, ta ce yau ta fito da sa'a. Ta iso gida da la'asar, ta kwance musu ƙafafu, ta watsa tsaki. Kajinta 14 da zakara ɗaya suka taho da gudu. Aka ɗan yi sare-sare, kowa ya sha ruwa a kasko ɗaya, da magariba suka shiga akurki ɗaya.

Kwana uku bayan haka, ɗaya daga cikin baƙin ta takure jikin rumbu, ta saki fuka-fukai kamar wadda aka yafa wa zane. Da safe ta mutu. Sati bai cika ba kajin gida suka soma. Kafin kasuwa ta zagayo sau biyu, kaza biyu suka rage mata, ɗaya wuyanta a murɗe, tana ta juyawa wuri ɗaya. Daga gidanta abin ya tsallaka gidan maƙwabta.

Kaji 14 ba ƙaramin abu ba ne ga macen ƙauye. Su ne kuɗin sabulu da gishiri, su ne kuɗin magani in yaro ya kwana da zazzaɓi, su ne littafin ɗan lakkol, su ne abin fita kunyar baƙo. Wata da su take tara kuɗin akuya. Garin neman ƙiba an samo rama. Mutane suka ce iska ce ta kawo, wasu suka ce baki ne. Alhali cutar a hannu aka ɗauko ta, ƙafafunta ɗaure da tsumma.

Ba mu ce a daina sayen kaji ba. Dole a sayi sabbi, dole a sake zakara, dole a karɓi kazar kyauta. Abin da muke so a gane shi ne, baƙuwar kaza tana zuwa da matsala biyu. Ta farko, ba mu san abin da ke cikin jikinta ba. Ta biyu, kajin gida ba su san ta ba, kuma ba za su karɓe ta da daɗi ba. Ta farkon ita ce mai ƙare garke. Da ita za mu soma.

ANNOBAR DA KE ƁOYE CIKIN JIKI

Cutar da ta fi kashe kajin gida a ƙasarmu ita ce wadda muke kira annobar kaji. Kowane yanki da sunan da yake ba ta. Likitocin dabbobi suna ce mata Niyukasal, sunan wani gari na ƙasar Ingila inda aka gan ta a 1926. Ƙwayarta ƙarama ce ƙwarai, ido ba ya ganin ta. Tana fita cikin kashin kaza, da majina, da miyau, da numfashi. Tana manne wa kwando, da takalmi, da hannun wanda ya taɓa kazar. Tana yi mana ɓarna kowane lokaci, amma an fi ganin ta cikin dari da farkon bazara.

Alamunta sanannu ne: kasala, sakin fuka-fukai, zawo tsanwa-tsanwa, numfashi da baki buɗe, kumburin fuska, daga baya murɗewar wuya ko shanyewar ƙafa. In mai zafi ce, cikin kaji goma da ba a yi wa rigakafi ba, da ƙyar ɗaya ko biyu su tsira. Wani lokaci ba ko ɗaya.

To, ga inda wayon cutar yake. Daga ranar da ƙwayar ta shiga jikin kaza zuwa ranar da za ta nuna, akan yi kwana 5 ko 6. Wani lokaci kwana 2 kawai, wani lokaci har kwana 15. A cikin waɗannan kwanaki kaza tana ci, tana sha, tana tono, idonta garau. Ko likita ya duba ta a kasuwa ba zai ce ga abin da ke ciki ba. Mai kajin da ya wayi gari ya ga biyu sun mutu, ya san abin da ke tafe. Me zai yi? Sai ya kwashe sauran tun suna tsaye, ya nufi kasuwa. Shi ya sa kaji suke araha daidai lokacin da annoba ta shigo yanki. Araha ba ta ado. In ka ga kaji sun cika kasuwa, farashi ya faɗi ba sallah ba, ba yunwa ba, to ka tambayi kanka dalili.

Kuma ko kazar ta baro gidansu lafiya lau, kasuwa kanta wurin ɗaukar cuta ce. An zuba kajin gari goma cikin keji ɗaya, sun yini suna shaƙar numfashin juna, suna taka kashin juna. Don haka kazarka da ka kai kasuwa ba ta saidu ba, ka komo da ita, ita ma ta zama baƙuwa. Abin da za a yi wa baƙuwa shi za a yi mata.

Annobar nan ba ta da magani in ta kama. Kafso ja da rawaya da ake buɗewa cikin ruwa ba ya kashe ƙwayarta. Barkono da ɓawon maɗaci da iyayenmu ke jiƙawa, su ma ba su tare ta. Wadda ta tsira, ƙarfin jikinta ne ya fid da ita.

Akwai wata cuta kuma da ta fi wannan haɗari, ita ce murar tsuntsaye. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ita a Magarya, cikin jihar Damagaram, ƴan makonni bayan an gan ta a Arewacin Nijeriya. Ta sake ɓullowa a wasu wurare bayan haka. Da ido ba a raba ta da annobar kaji, sai an auna. Bambancin shi ne ita tana iya kama mutum, har ta kashe. Saboda haka duk inda kaji suka soma mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a yanka, kada a fige, kada yara su taɓa. A gaya wa ma'aikatan sarwisin dabbobi nan da nan.

WURIN SAYE

Wanda ya fi kowa dacewa shi ne wanda ya sayi kaza a gidan da ya sani. Ka shiga, ka ga sauran kajin suna kiwo, ka tambaya yaushe rabon gidan da mutuwar kaji, ka tambaya ko an yi musu allura. Ko da tsada ta fi ta kasuwa da ƴan daloli, ka biya.

In kuwa ba makawa sai kasuwa, kada ka saya daga nesa. Karɓi kazar a hannunka. Mai lafiya tana da nauyi, tana fizga, tana kuka. Shafa ƙirjinta: in ƙashin ya fito kamar wuƙa, ta rame. Dubi ido da hanci, kada a ga ruwa ko kumfa. Kara kunnenka, ka ji ko numfashinta yana ƙara. Zankonta ya zama ja, ba fari fat ba, ba baƙi-baƙi ba, ba ƙuraje. Ɗaga wutsiya ka duba: in gashin wurin ya manne da kashi, ajiye ta. Buɗe ƙarƙashin fiffike ka busa gashin, za ka ga ƙwarƙwata in akwai. Dubi ƙafafu, ko ɓawonsu ya tashi ya yi kaushi. Kada kuma ka tsaya kan wadda kake so kaɗai. Dubi ƴan'uwanta na cikin keji. In akwai guda mai gyangyaɗi, bar su duka, har da mai kyan.

Duk wannan dubawa tana kama cutar da ta riga ta fito ne. Wadda ke ɓoye, sai kwanaki za su tona ta.

SATI UKU ITA KAƊAI

Tun kafin ka tafi kasuwa, shirya masaukin baƙuwa. Ba sai an kashe kuɗi ba. Babban kwando da ake kifawa ya isa, ko tsohon akurki da aka share, ko ɗan shingen kara da aka rufe samansa da zana. Abin da ake bukata shi ne inuwa, da iska, da tsari daga muzuru da dare, da kuma nisa. A kai shi iyakar nisan da gidan ya bayar: bayan ɗaki, ko garka, ko kangon da ba kowa. In an samu taki 15 ko 20 tsakaninsa da wurin da kajin gida ke kwana, madalla.

Wani zai ce, ai kajinmu sake suke, ko'ina suna zuwa. Gaskiya ne, kuma nan ne wahalar take. Kwando kife tsakar gida, kaji suna zagaye shi suna zura kai suna cin tsakin da ya zubo, wannan ba ware kaza ba ne, ɗaurin banza ne. Sai a kewaye wurin da ƙaya ko zana yadda na gida ba za su kai bakinsu ba.

Baƙuwa ta samu kaskonta na ruwa da nata wurin ci, waɗanda ba a haɗa su da na kowa. Da safe a fara ba kajin gida, sannan a je wurinta. In an gama a wanke hannu da sabulu, a karkaɗe takalmi, ko ma a ajiye wani tsohon silifa a wurin don shiga kawai. Kashinta a share a binne, kada a zuba a juji inda kaji ke tono. A gaya wa yara, don su ne ke ɗauko baƙuwar kaza su kai ta tsakar gida wasa. Kwandon da aka kawo ta ciki, a wanke a shanya a rana mai zafi.

Kwana nawa? Kwana 21, wato sati uku cur. Lissafin mai sauƙi ne: daidai da kwanakin da kaza ke yi bisa ƙwai kafin ta ƙyanƙyashe. In ka saye ta ranar kasuwa, bari kasuwar ta ci sau uku. Wanda ya iya kai wata guda ya fi. Wanda ya yi kwana uku ya ce ai lafiyarta lau, bai yi kome ba, don mun faɗa cutar tana iya ɓoyewa har sati biyu. In kuma ana cikin haka ka ƙaro wata sabuwa ka zuba wurin, lissafi ya koma farko.

Kwanakin nan ba na zama kawai ba ne, akwai aiki cikinsu.

Na farko ƙwari. Ƙwarƙwata, da ƙumar nan da ke manne wa kaza a zanko da gefen ido, da wata kaska mai laushi, mai kama da kuɗin cizo. Ita wannan kaska da rana tana ɓoye cikin tsagar bango da ɓawon itace, da dare ta fito ta sha jini. Ƙananan ɗiyanta suna manne ƙarƙashin fiffike kwana da kwanaki, haka suke tafiya daga gida zuwa gida. In ta shiga akurkin laka, fid da ita aiki ne, don tana daɗewa ƙwarai ba ta ci ba, ba ta mutu ba. Ban da shan jini, tana sa wa kaji zazzaɓi mai kisa. A zuba wa baƙuwa toka da yashi mai laushi ta yi birgima. A shafa man gyaɗa ko man kaɗanya bisa ƙumar da kuma ƙafafu masu kaushi, a maimaita bayan ƴan kwanaki. In ƙwarin sun yi yawa a nemi hodar kaji wurin likitan dabbobi. Kada a taɓa sa wa kaza maganin feshin wake ko na auduga. Yana kashe ta, wadda ta tsira kuma dafin yana shiga ƙwai da nama, mu ci.

Na biyu tsutsar ciki. Maganinta ƙwaya ce mai araha, ana samun ta wurin likitan dabbobi. A ba ta cikin satin farko.

Na uku allurar rigakafin annoba. In baƙuwa ta yi sati guda ba ta nuna kome ba, a yi mata. Akwai iri biyu da aka fi sani. Akwai ta allura, irin su ITA-NEW, rabin mililita ga kaza, tana tsare ta wajen wata shida. Akwai ta ɗigawa a ido, mai suna I-2, ɗigo ɗaya, ana maimaitawa kowane wata huɗu. Dukansu ba su son rana, sai an riƙe su cikin sanyi. Abu biyu za a riƙe. Rigakafi ba ya aiki ranar da aka yi shi, sai bayan kamar sati biyu jiki ke ɗaukar ƙarfi. Kuma ba a yi wa kaza marar lafiya. Mutane da yawa suna jira sai annoba ta shigo gari su kira mai allura, kaji su ci gaba da mutuwa, sai a ce allurar ce ta kashe su. Ba ita ba ce, an makara ne. Kajin gida ma, in lokacin allurarsu ya yi, a yi musu rana ɗaya da baƙuwar, amma a fara da su.

Ga wata dabara ga mai kaji da yawa. A sati na uku, ɗauko kaza guda cikin na gida, wadda ba ka damu da ita ƙwarai ba, ka sa ta tare da baƙuwar. Akwai kazar da ta taɓa yin mura ta warke, amma tana ɗauke da ƙwayar har ƙarshen ranta. Ita ba za ta nuna ba, amma wadda aka sa kusa da ita za ta nuna. In hakan ya faru ka yi asarar guda, ba garke ba. Sai dai a ƙara musu sati guda ko biyu tare kafin a saki.

In baƙuwa ta mutu a masaukinta, a haƙa rami mai zurfi a binne ta, ko a ƙone. Kada a jefa bayan gari, karnuka da angulaye za su ja ta su raba wa unguwa. A ƙone shimfiɗar, a bar wurin rana ta dake shi.

KAJI MA SUN SAN BABBA DA ƘARAMI

Sati uku sun cika, baƙuwa lafiya lau. Saura matsala ta biyu.

Zauna wata safiya ka watsa hatsi, ka lura. Akwai kazar da in ta taho kowa sai ya kauce. Tana saran kowa, ba mai saran ta. Akwai mai bi mata, har a kai ga ta ƙarshe, wadda ke tsintar abin da ya fantsama gefe. Haka wurin sha, haka wurin kwana: manya ke samun wuri mai kyau. Wani masani ɗan ƙasar Norwe ya zauna ya rubuta wannan a 1922, duniya ta yi ta mamaki. Da ya tambayi kakanninmu mata, da sun hutar da shi.

Kaji suna gane juna ta fuska da zanko. Da yake kowa ya san matsayinsa, ba a yawan faɗa, harara ta isa. Baƙuwa kuwa ba ta da matsayi. Sai ta gwada ƙarfi da kowace ɗaya kafin a san inda za ta tsaya. In an jefa ta cikinsu rana ɗaya, sai su taru mata. Abin mamaki, sau da yawa na ƙasa-ƙasa sun fi tsananta mata, don su ne ke tsoron a ture su. Ba saran kaɗai ke kashe ta ba. Hana ta ci da sha ne. A bazara kazar da aka kora daga kasko tun safe, kafin la'asar ta galabaita.

Maganin abin shi ne su saba da ganin juna kafin su taɓa juna. Yanzu ne za a ɗauko kwandon nan a kife shi tsakar gida, cikin inuwa, baƙuwa tana ciki da ruwanta. A watsa tsaki kewaye da kwandon, ciki da waje, su ci kusa da juna. Ranar farko za ka ga ana kumbura wuya, ana zagaye, ana kai sara ta ƙofofin kwando. Bayan kwana 5 zuwa 7 sai ka ga ba mai kula ta. To, lokaci ya yi. Wannan zama yana da wani amfani kuma: baƙuwa tana koyon gidan, ta san nan ne wurin ci da kwana. Kazar da aka saki ranar da ta zo, sau da yawa gidan maƙwabta take kwana, daga nan sai rigima.

Wasu suna ɗaure baƙuwa da igiya a turke tsakar gida. In ita kaɗai ce a wurin, ba laifi, muddin tsumma mai laushi ne, da inuwa da ruwa. Amma a ɗaure ta cikin kajin da ba su san ta ba, an miƙa ta ga duka ne, ba ta da hanyar gudu. In tana tsallake danga, a rage dogayen gashin fiffike ɗaya da almakashi. Ba sai an tuge ba, tugewa ciwo ne.

Ranar haɗawa, jira sai dare ya yi, kaji sun kwanta. Kaza ba ta gani sosai cikin duhu, ba ta faɗa. Ɗauko baƙuwa a hankali ka sa ta cikin akurki. Amma kada ka yi barcin safe. Tun da asuba ka buɗe, don in gari ya waye suna kulle cikin ƙaramin akurki, nan ne ake yi mata illa. Su fito fili, ka watsa abinci wuri uku ko huɗu nesa da juna, ka ajiye kaskon ruwa biyu, ɗaya inda babbar kaza ba ta hango shi daga ɗayan. Kaji 10 suna shan lita 2 zuwa 3 a yini, a bazara fiye da haka. Jingina tsohuwar zana ko ƙyaure jikin bango, a bar ƙofa ta kowane gefe, yadda wadda aka kora za ta shiga ta nan ta fita ta can.

Za a yi sara, za a yi kora, gashi zai tashi. Kada ka shiga tsakani kowane lokaci, in ka raba su gobe sai sun sake daga farko. Cikin sati ɗaya ko biyu abin yakan lafa. Ƙwai ma yana iya raguwa kwanakin nan, zai komo. Amma in ka ga jini, ɗauke mai raunin nan take. Kaza in ta ga ja ba ta bari, sai ta yi ta sara har ta huda. A wanke ciwon da ruwan gishiri, a ajiye ta cikin kwando inda suke ganin ta, har ya bushe. In kuma ka lura kaza guda ce ke jan fitinar, ita za ka kama, ba baƙuwar ba. Kulle ta inda ba ta ganin sauran, kwana uku ko huɗu. In ta komo, neman matsayinta zai ɗauke mata hankali.

Kawo biyu ko uku tare ya fi kawo ɗaya. Saran yana rabuwa, kuma suna ɗebe wa juna kewa.

ZAKARA, ƳAN TSAKI DA ZABI

Sake zakara abu ne mai kyau. In zakara ɗaya ya daɗe yana hawan ɗiyansa da jikokinsa, sai ka ga ƴan tsaki suna fitowa raunana, ƙwai da yawa ba ya ƙyanƙyashewa. Bayan shekara ɗaya ko biyu a nemo wani daga gari dabam. Zakara ɗaya ya ishi kaji 10. Kaji mata ba su cika wahalar da sabon zakara ba in ya girma. Tsohon zakara ne ba zai yarda ba, kuma faɗansu yana kai ga fasa ido. In fili ƙarami ne, a fid da tsohon tukuna: a saida, ko a yi wa baƙo miya.

Wannan ya fi ƙarfi ga zakarun turawa da ake kawowa don gyaran iri. An daɗe ana raba irinsu a ƙauyukan ƙasashenmu, da yawa kuwa ba su kai ko'ina ba. Zakaran ya tashi a gidan gona, an saba kawo masa abinci har gabansa. Bai san tono ba, bai san shirwa ba, ga nauyin jiki, ga zafi. Aka sake shi cikin zakarun gida masu zafin nama, suka hana shi ci, suka hana shi kaji. Wanda zai kawo irin wannan, sai ya fid da zakarun gida duka, ya yi masa allura, ya riƙa ba shi dussa da hatsi da gara safe da maraice. Ya sani kuma, ɗiyan da za a samu sun fi girma da yawan ƙwai, amma ba su kai kazar gida iya kwanci da renon tsaki ba. Kada a rabu da kajin gida duka. Haka tsofaffin kajin ƙwai da gidajen gona ke saidawa in sun gama aiki: galibi an datse musu baki tun suna ƙanana, ba su iya tsinta a ƙasa sosai, ba su iya rama sara. Abincinsu a zuba cikin kwano mai zurfi, a wurinsu dabam.

Ƴan tsakin da ba su da uwa, kada a haɗa su da manya. Sara ɗaya a ka ya isa. A rene su dabam inda suke ganin manyan, sai sun kai wata uku zuwa huɗu, girmansu ya kusa na sauran. In kuwa akwai kazar da ke kwanci, ta kusa cika sati uku bisa ƙwai, ana iya sa mata ƴan tsakin kwana ɗaya ko biyu ƙarƙashinta da dare. Da yawa suna karɓa. A tsaya a gani da safe, don wata tana ƙi. Tsakin da ya wuce ƴan kwanaki, ko kazar da ba ta kwanci, kada a gwada.

A ganinmu, hanyar da ta fi sauƙin haɗari wajen shigo da sabon iri ita ce ƙwai. Ka sayo ƙwai daga gidan da ka yarda da kajinsa, ka sa wa kazarka. Ba faɗa, ba kaska, uwa tana tsare su. Annobar kaji ba ta cika biyo ƙwan da ya ƙyanƙyashe ba. Akwai dai wasu cututtuka, irin farin zawon ƴan tsaki, da ke bi ta cikin ƙwai, shi ya sa muka ce gidan da ka sani. Haka matanmu suke yi da ƙwan zabi tun da daɗewa, kaza ta kwanta masa kwana 26 zuwa 28.

Manyan zabi kuwa sai haƙuri. Zabo bai san gida da wuri ba. In ka sake shi bayan sati ɗaya, daji zai nufa. A tsare su wata guda ko fiye, sannan a riƙa sakin ɗaya ko biyu, sauran suna kulle. Kukan ƴan'uwansu zai maido su da maraice. Agwagi kuma a yi hattara da su ƙwarai: suna iya ɗaukar annobar kaji da murar tsuntsaye, su yi ta yawonsu kamar ba kome. Kwana 21 ɗin nan ya hau kansu, ya hau kan zabi, da talotalo, da tattabaru.

KAZAR KYAUTA DA KAZAR YANKA

Saura wadda ake jin nauyin warewa. Ka je gaida surukai an ba ka zakara. Gwaggo ta aiko wa jikanta da sagara. Wani zai ga in ya kai ta bayan ɗaki kamar ya raina kyautar ne, ko yana zargin gidan da ta fito. Ba haka ba ne. Mai kyautar kanta ba ta san abin da ke jikin kazar ba. In ta tambaya, ce mata ana yi wa baƙuwa masauki ne har ta saba da gida, kuma gaskiya ka faɗa.

Kazar da aka sayo don yanka, ta suna ko ta sallah, an fi mance da ita. Ana cewa ai gobe za a yanka, sai a sake ta ta kwana cikin akurki. Dare ɗaya ya isa. A bar ta ɗaure can gefe. In an yanka, gashi da hanji da jini a binne su. Ruwan da aka wanke naman kada a watsa tsakar gida, don kafin ya tsotse kaji sun taru kansa suna sha.

Tun da kajin unguwa tare suke kiwo, wanda ya ware baƙuwarsa shi kaɗai bai gama tsira ba in maƙwabcinsa bai yi ba. Ku kai maganar wurin taron ƙungiyar mata da gaban mai gari. A sa ranar allura ɗaya ga gari duka, bayan an gama girbi, kafin dari ya shigo. Kwalba ɗaya ta allurar tana isar kaji da yawa, in an buɗe ta kuma ba ta ajiyuwa, don haka a ƙidaya kajin kowane gida tukuna, a tara kuɗin, sannan a aika wa mai allura. Daren da za a yi, kowa ya rufe kajinsa cikin akurki, kada a sake su da safe sai ya zo.